Giga Ashirin da Takwas na Lauwali Mai Inji

Lauwali mai gyaran injin ban-ruwa ya wayi gari wata Asabar da tabbacin cewa duk masu sayar da kwamfuta maƙaryata ne, kuma shi Allah ya zaɓa ya tona musu asiri. Bidiyo ɗaya ya kalla a waya, na minti bakwai, wani mutum ya jera allunan cikin kwamfuta guda uku a tebur yana ta surutu da harshen da Lauwali bai tsinci ko kalma ɗaya ba. Lambobin da aka rubuta kawai ya riƙe: huɗu, takwas, sha shida. Kafin azahar ya zama injiniyan kwamfuta.

Ni Sale tela, na san shi tun yana yawo ba wando, don haka ba zan rage masa komai ba. Daga madatsar Goronyo har fadamar Wurno babu injin da bai sha magagarinsa ba. Dokokin aikinsa uku ne, bai taɓa ƙara ta huɗu ba. In ƙarfe ya ƙi shiga, a goge shi. In ya yi sako-sako, a ɗaure da robar tif ta cikin taya. In inji ya ƙi jan ruwa, a ƙara masa wuta. Da wannan yake ci, da shi kuma yake taka kowa, domin da rani, lokacin da albasa ke neman ruwa kullum, mai hankali ba ya yi wa mai gyaran inji musu.

Shagon yayarsa Ruƙayyatu manne yake da nawa a bakin kasuwar Wurno. Buga takardu take yi da wata tsohuwar kwamfuta da firinta, da su take riƙe da 'ya'yanta huɗu tun rasuwar mijinta. Bayan shekara uku tana bin ƙafa, a wannan zangon ne Malam Almustapha, shugaban wata ƙungiya ta makarantu uku, ya yarda ya ba ta bugun takardun jarrabawa, aikin da kullum Sakkwato ake kaiwa. Sharaɗi ɗaya ya yi mata: ranar Alhamis ya zo ya kwashi kayansa cif. In ta cika, aikin ya zama nata kowane zango. In ta saɓa, ya koma inda ya fito, ba sauran magana. Mako biyu ta yi tana fama da rubutun malamai mai kama da sawun kaji, har ta shigar da komai cikin kwamfutar. Bugu kawai ya rage, tana jiran takarda daga Sakkwato.

Tana cikin duba kurakurai Lauwali ya shigo, ya tsaya mata a kai yana girgiza kai kamar likita.

"Yaya, wagga aba taki ta mutu ba a binne ba. Giga nawa ag gare ta?"

"Biyu."

"Biyu! Wayata ma ta hi ta."

"Wayakka ta taɓa cishe ka?"

Bai ji wannan ba, ko ya yi kamar bai ji ba. Ya ja kujera ya fara ba ta labarin bidiyonsa, yana zana lambobi da yatsa a kan teburinta. Ta bar shi ya gama, sannan ta cire tabarau.

"Saurara, tunda yau karatu kaka so. Allon da komi ke zaune bisa gare shi, shi aka kira bod. Akwai wani ɗan baƙin abu a jikinai, cifset, shi ka yanke hukuncin ram nawa bod ka ɗauka da wace firosesa shika yarda da ita. Nau G31 na. Iyakatai giga huɗu, kuma tsohon ram. Ko ɗari kak kawo mai, ba shi ganin su. G41 shi ka kai takwas. H61 shi ka kai sha shidda, amma shi gidan firosesa nai daban na, ba su haɗa dangi da nau ba. Na yi wata shidda ina koyon wanga abu, ba minti bakwai ba."

"Tau, huɗu da takwas da sha shidda nawa ke nan? Ashirin da takwas! Ke da bakinki kih hwaɗa. Iyaka, iyaka! Injin inci biyu ma haka anka ce iyakatai ke nan. Na hwaɗaɗa mai baki, ya koma zubar da ruwan inci ukku."

"Wanda yat tarwatse ran Juma'a?"

"Mai shi na yab ba shi gurɓataccen mai."

"Lauwali," ta ce tana nuna shi da tabarau, "in kat taɓa min kwamfuta kahin Alhamis, ko Inna ba ta raba ni da kai."

Ya fita yana murmushin wanda aka ba izini. Ni dai da ke jin su ta bango, na ce a raina ƙaramin sani ƙuƙumi ne, na ci gaba da taka kekena.

Ranar Litinin ya hau babur ya nufi Rabah, wurin Abdulƙadiri mai hoto, wanda ke wanke hotunan fasfo da wata G41.

"Ba ni ita kwana biyu, in maido maka da ita tana gudu."

"Mi ad damun ta? Lahiyatta lau."

"Haka mai hawan jini ka cewa." Lauwali ya dubi silin. "Af, ya injinka na hwadama? Har yanzu shina tari?"

Abdulƙadiri ya fahimci karatun. Da hannunsa ya zare wayoyin, har ya taya shi ɗaurewa a bayan babur.

A Goronyo, Mujaheed mai tura wa mutane karatu da fina-finai a waya ya fi taurin kai, don tasa H61 ce kuma ya san darajarta.

"Tawa ta hi su duka. Ni mi zan ƙaru da shi?"

"Lada. Babba shi ka taimakon ƙarami."

"Ba ni son lada."

"Tau shi ke nan. Gai da Baba. Ce mai injinai na nan wurina a kwance, na kwance shi sala-sala. Ban san ranar da zan samu sukunin haɗawa ba."

Aka ɗaura ta biyu a kan ta farko. Wajen Rimawa robar ta tsinke, kwamfutar Mujaheed ta sulluɓe ta yi birgima sau uku cikin yashi, murfinta ya yi gabas ita ta yi yamma. Masu zaman inuwa suka taso kallo.

"Lauwali, akurkin kaji kak koma saidawa?" in ji wani dattijo.

"Baba, nan da jibi za ka ji sunana a rediyo."

"Sashen sanarwar ɓata ko na rasuwa?"

Ya zazzage yashin kamar mai zazzage takalmi, ya ƙara roba, ya wuce.

Nan ne kuma nawa laifin ya shigo, ba zan ɓoye ba. Talata da safe Ruƙayyatu ta tafi suna Marnona, dangin mijinta, ba yadda za ta yi ta ƙi zuwa. Ta bar mini mabuɗi don direban da zai kawo kwalayen takarda. Ƙurar motarta ba ta kwanta ba Lauwali ya faka a ƙofata da akwatuna biyu, ya ce caji kawai zai sa wa wayarsa. Na san ƙarya yake yi, jaririn goye ma ya sani. Amma ni ma ina da 'yar gonar albasa a fadama, kuma injina kwana biyu ke nan yana shaƙewa. Na miƙa mabuɗin ina kallon wani wuri.

Kafin in gama ƙafar wando ɗaya ya kwance kwamfutoci ukun, ya zube kusoshinsu duka a faranti ɗaya. Ya aro kwanon Larai mai fura da ke zama a gabanmu, ya tsiyaya fetur, ya wanke allunan ɗaya bayan ɗaya da buroshi kamar yadda yake wanke kafireton inji. Ya fito ya shanya su a rana bisa bencina.

"Kai, kwanon hura na nib ba ka, ba na garejinka ba!" in ji Larai.

"Inna Larai, kwanonki ya shiga tarihi."

"Tarihi ka biya min hura mai warin hetur?"

Da suka bushe ya ɗauko ram na Mujaheed, 'yan dogayen falle guda biyu masu ɗauke da gigan, ya nufi bod ɗin yayarsa da su. Suka ƙi shiga. Akwai wata 'yar tsaga a gindin kowanne, ramin kuma yana da ɗan haƙori, to tsagar da haƙorin ba su zo daidai ba. Masu abin sun yi haka ne da gangan don kada wawa ya haɗa abin da ba ya haɗuwa. Ba su san da Lauwali ba.

"Ka gani, Sale? Ga makircin nan. Ɗan haƙori guda sunka sa don su hana talaka ci gaba."

Ya zaro magagari. Ƙyar-ƙyar-ƙyar, ya buɗe sabuwar tsaga, garin kore yana zuba a kan cinyarsa. Ya danna da babban yatsa, bai shiga ba. Ya danna da gindin sukudireba. Wani abu ya ce ƙas.

"Ya zauna," ya ce.

"Ya karye dai," na ce.

"Kai dai tsaya ga zare da allura."

Sai firosesa, wadda ya ce ita ce ƙwaƙwalwar abin. Ya karɓi tef ɗin awona ya gwada ta Ruƙayyatu, ya gwada ta Mujaheed, ya buga tsalle har hularsa ta faɗi. Faɗinsu ɗaya, tsawonsu ɗaya.

"Wai ba su haɗa dangi ba! Ga su nan uwa ɗaya uba ɗaya! Wata shidda Yaya tay yi ana cin kuɗɗinta."

Ya ɗora ta Mujaheed a gidan ta Ruƙayyatu, ta tsaya a karkace, wasu 'yan kunnuwan roba sun tokare ta. Ya aro rezata ya yanke kunnuwan. Rezar ta zame ta bi ta kan ɗaruruwan 'yan ƙananan allurai da ke cikin gidan, suka kwanta gefe ɗaya kamar shinkafar da iska ta bi ta kai. Ya sa buroshin haƙori ya taje su, wai ya tashe su tsaye. Ya dangwala giris na inji a bayan firosesar, ya kifa fanka. Ƙafafun fankar ba su kai ramukansu ba, don ita ma ta wani bod ce. Robar tif ta yi aikinta, zagaye uku da ƙulli.

Daga nan abin ya zama rabon gado. Ram ɗin Ruƙayyatu ya tafi gidan Abdulƙadiri, na Abdulƙadiri ya tafi gidan Mujaheed, duk wanda ya yi gardama ya sha magagari. Bod ɗin yayarsa ramin ram biyu kawai gare shi, sai ya rage falle ɗaya ba wurin zama. Ya manna shi da sufa-gulu a bayan ɗan'uwansa, ya ce ai goyo ne, ta jiki za su riƙa shan wuta.

Abin da ya tsinka mini zuciya shi ne ɗan akwatin ƙarfen da ya ciro daga ƙasa. Ya kwance shi, ya tarar da wani faifai yana ƙyalli kamar madubi. Ya duba haƙoransa a ciki, ya ce ƙura ta kama shi, ya goge shi tas da tsumman fetur.

"Lauwali, ba nan aikinta yake ba?"

"Shi ya sa nika tsabtace mata shi."

Da la'asar ya tura saƙon murya a zauren manoman rani na waya, wanda kusan kowane magidanci daga Rabah zuwa Goronyo yake ciki. Ya ce gobe Laraba bayan la'asar kowa ya hallara bakin kasuwar Wurno ya ga kwamfuta mai giga ashirin da takwas, wadda babu irinta ko a Sakkwato, aikin ɗan gida. Ya kira Malam Almustapha takanas, ya ce masa ya zo da wuri, takardunsa da ake bugawa a yini ɗaya yanzu kafin ya gama shan fura za su fito.

Na kira Ruƙayyatu sau tara. Ƙauyen da suke babu sabis. Sai Laraba da azahar kiran ya shiga, na ce mata ta taho, ban iya ƙara komai ba.

Mutanenmu ba sa zuwa taron gyaran rijiya, amma in an ce ga wanda zai ji kunya, ko gurgu sai ya riga mai babur. Kafin a sallame la'asar bakin kasuwa ya cika. Lauwali ya fito da teburin yayarsa waje, ya shimfiɗa masa sabon yadin wani da ya ɗauka a shagona ba tambaya. Ya jera kwamfutoci ukun, ta Ruƙayyatu a tsakiya cikinta a buɗe don a ga aiki, firinta a gefe. Abdulƙadiri da Mujaheed suna gaba, kowa yana leƙen tasa kamar mai neman akuyarsa a mahauta. Malam Almustapha aka ba kujera. Wutar sola ta shagon kuwa Lauwali ya ce ta mata ce, ba za ta iya da giga ashirin da takwas ba. Ya kawo janaretan da ya haɗa da kansa daga wani tsohon injin ban-ruwa, ya jona komai da komai a waya ɗaya.

Ya hau benci da sabuwar shadda.

"Jama'a! Shekara da shekaru ana ce muna wanga iyakatai huɗu, wancan takwas, wancan sha shidda. Wa yag ga iyakar da idonai? Ni Lauwali, ɗan hwadama, na ɗebe iyaka!"

"Ka ɗebe min warin hetur ga kwano tukun," in ji Larai.

"Injiniya," Mujaheed ya ɗaga murya, "mi ya sa ram nau ad da sabuwar tsaga?"

"Kaciya niy yi mai."

Aka kwashe da dariya, shi kuwa ya ɗauka tafi ne. Ya ja igiyar janareta, ya yi bisimilla da ƙarfi don a ji, ya danna maɓallin ta tsakiya. Fanka ta juya rabin zagaye ta tsaya. Gilashin ya ci gaba da zama baƙi ƙirin. Ta Abdulƙadiri ta fara wani kuka, ɗit-ɗit-ɗit, ba tsayawa. Ta Mujaheed ko motsi.

"Tana gaisuwa ta," in ji Lauwali.

"Kuka dai taka yi," in ji Abdulƙadiri. "Shekara bakwai ina tare da ita, ban taɓa jin wagga murya ba."

"Iska ta shiga, Injiniya," wani ya ce daga baya. "Zuba mata ruwa ta baki, kamar na hwadama!"

Wallahi sai da ya dubi butar alwala. Na ga idonsa ya je ya dawo.

Ana haka motar Marnona ta tsaya. Ruƙayyatu ta sauko da ƙullin goron suna a hannu, ta ga taro a ƙofar shagonta, ta ga teburinta a titi, ta ga cikin kwamfutarta a buɗe an ɗaure da robar tif. Ƙullin ya faɗi. Ta fara ture mutane tana kutsawa.

"Lauwali! Kashe injin nan! Kashe shi!"

"Yawwa, ga mai ita ta iso! Yaya, tsaya nan ki gani. Wuta ta ad ba ta ishe ta ba, abu ya girma."

Ya sunkuya ya ja totur ɗin janareta har ƙarshe.

Injin ya yi wata kururuwa. Ƙwan shagon ya yi haske kamar rana ya fashe. Ta tsakiya ta ce fat, ta Rabah ta amsa, ta Goronyo da ba ta ce komai ba tun ɗazu ita ta fi kowa ƙara. Firinta ta ja numfashi ɗaya ta saki hayaƙi ta baki. Robar tif ta narke ta tsinke, ta harba fankar sama, ta zo ta tsige hular Malam Almustapha ta wuce da ita cikin kwandon tumatir. Warin ƙonannen giris ya gauraye kasuwa. Masu gaba suka faɗa kan masu baya, wani ya taka jaki, jakin ya rama a kan wanda bai taka shi ba. Janaretan ya yi tari biyu ya mutu don kansa.

Hayaƙi ya ci gaba da tashi siriri daga akwatuna uku.

"Tau," in ji Lauwali yana kaɗe shaddarsa, "aƙalla yanzu mun san wadda tah hi ƙarhi. Ta Goronyo ita taƙ ƙare mutuwa."

Ruƙayyatu ba ta dube shi ba. Ta sa tabarau, ta sunkuya kan kwamfutarta, ta fara ciro abubuwa ɗaya-ɗaya tana ɗaga wa jama'a, murya a kwance, kamar tana koyar da aji.

"Wanga ram na H61 na. An goge shi an tura cikin G31. Ko da ya shiga lahiya lau, bod nau bai san yarenai ba. Wanga kuma an manna shi da gam. Wagga firosesa ta wani gida ta, an yanke ƙohwa an cusa ta. Ukkunsu shekaranjiya suna aiki. Kowace ta san iyakatta, tana cin abincinta." Ta ɗago ɗan akwatin ƙarfen, ta ga kusoshinsa a kwance, ta ga shatin tsumma a kan faifan. "Wanga kuma mako biyu nau na."

"Na tsabtace shi dai, Yaya."

"Rufa min baki."

"Kuskure ɗaya niy yi, giris ɗin bai..."

"Nic ce ka rufa min baki!"

Abdulƙadiri ya cakumi wuyan shaddar, ya ɗaga hannu. Mujaheed ya naɗe hannun riga. Na ce alhamdu lillahi, yau za a yi mana maganinsa. Lauwali bai ko ƙifta ido ba.

"Buga, Abdulƙadiri. Amma hannun ga na dama shi ka kwance kafireto. Albasakka kwana nawa ta rage a cire?"

Hannun ya tsaya a sama. Ya yi ta tsayuwa har ya gaji, sannan ya sauko a hankali ya gyara wa Lauwali wuyan riga. Mujaheed ya warware hannun rigarsa yana cewa ai komai ƙaddara ne. Duk taron nan, magidanta fiye da ɗari, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Ban taɓa jin na raina mutanen garinmu kamar ranar ba, kuma ni ne na farko a layin.

Malam Almustapha ya ciro hularsa daga cikin tumatir, ya kaɗe, ya matso. Mutumin kirki ne, wannan ya sa abin ya fi ciwo.

"Malama Ruƙayyatu, akwai abin da ya tsira?"

"Rubutun malamai na hannu, Malam. Suna ciki. In nis samu aron kwamfuta, in kun ba ni kwana goma..."

"Asabar yara ka zama jarrabawa. Yara ɗari shidda. Ki yi hanƙuri, na so ki da aikin ga, Allah ya sani. Amma in nik koma ma iyayen yara da wanga labari, ni ma tawa ta ƙare."

Ta shiga shago ta fito da takardun a ɗaure da zare, yadda ta jera su aji-aji. Ta miƙa masa da hannu biyu. Ya duba agogo, ya dubi tasha. Motar Sakkwato ta ƙarshe ta riga ta tashi, dole kuwa takardun su kwana can in ana so a fara bugu da safe.

"Malam, mi ad damuwa?" Lauwali ya riga ya tada babur. "Hau in kai ka. Na san wani shago can, manya-manyan injuna ag gare su, ba irin tarkacen ga ba. In nic ce musu ni nit turo ka, za su girmama ka."

Malamin ya dubi Ruƙayyatu da kunya, ya dubi agogo kuma. Ya tattara babbar riga ya hau. Muna tsaye muna kallo ƙaninta ya ɗauki aikin da ta yi shekara uku tana nema, ya nufi Sakkwato da shi. Har suka sha kwana muna jiyo muryarsa sama da ƙarar babur, yana bayyana wa Malam cewa da bod huɗu ya samu maimakon uku, da yanzu wani labarin ake yi.

Taro ya watse. Abdulƙadiri da Mujaheed suka tsaya kan farantin kusoshi suna gardamar wanne ne na wa. Larai ta tsince goron da ya zube ta kai wa Ruƙayyatu, ba ta ce komai ba, abin da ban taɓa gani ba. Can sai ga direban Sakkwato ya iso da kwalayen takarda huɗu, fara sol, yana tambayar inda zai sauke.

Na koma shagona na zauna a kan keke, na kasa taka shi. Ina jiran ta zo ta zage ni, har na shirya inda zan sunkuyar da kai. Da ta zage ni da na ji sauƙi.

Ta zo ta tsaya a bakin ƙofa. Ta cire tabarau ta naɗe cikin gefen mayafi, ta daɗe tana kallon tarin rigunan da ke jiran a gama su.

"Sale," ta ce, "wa ka sa maka maɓalli da kalmasa yanzu?"

"Ni nika yi da kaina."

"Na iya. Inna ta koya min tun ina ƙarama. Yaran ga sai sun ci gobe."

Na matsa mata a benci, na miƙa mata gwangwanin allurai, ta zauna ta jawo riga ta farko.